Ɗan Tata: Gwagwarmayar Alhassan Daga Zangon Bebeji Zuwa Dalar Gyaɗa

A ƙasar Hausa da sunan uba ake kiran yaro, ko da sunan garinsu, ko kuma da sana'ar gidansu. Attajirin da ake lissafawa a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma a tsakiyar ƙarni na 20 bai ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sunan mahaifinsa Abdullahi, babban falke ɗan babban falke. Garinsu Bebeji, asalinsu kuwa Agalawa. Amma sunan da ya bi shi har kabari, ya kuma bi 'ya'yansa da jikokinsa, na wata tsohuwar baiwa ce mai suna Tata, wadda ta riƙe shi lokacin da uba ya kwanta dama, uwa kuma ta yi nisa.

Yau in an ambaci Alhassan Dantata, abu biyu ke fara zuwa bakin mutane: raƙuma 20 da suka kai kuɗin azurfa banki a 1929, da dalar gyaɗa da ta tsaya a Kano kamar tsauni. Waɗannan duk sun zo ne bayan ya haura shekara 50 a duniya. Kafin su akwai maraici, da gadon da ya salwanta, da bara da ƙoƙo, da kamun yaƙi, da hanyar fatauci da ta mutu a gaban idonsa. Ko bayan ya yi arziki ma, sai da ya shekara fiye da 30 yana sayen gyaɗa da sunan wasu kafin a yarda ya saya da sunansa.

Hanyar Gwanja

Wanda bai san fataucin goro ba, ba zai gane gidan da Alhassan ya fito ba. Bahaushe ya ɗauki goro abin girmamawa: da shi ake neman aure, da shi ake raɗin suna, da shi ake gaida malami da basarake. Sai dai goro ba ya yi a ƙasar Hausa. Mafi daraja a cikinsa yana fitowa ne daga kurmin Asante, a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, kuma a ƙarni na 19 babbar kasuwarsa ita ce Salaga, a ƙasar Gwanja. Can fatake ke dosa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Yandi ko maƙwabtanta har su isa.

Tafiyar zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Ayari guda kan tara ɗaruruwan mutane, wani ma ya haura dubu, ga jakuna ga 'yan alaro. Madugu ne shugaba, shi ke yanke inda za a yada zango, shi ke ciniki da sarakunan hanya kan kuɗin fito da na wucewa. Jagaba na gaba yana duba hanya, malamin ayari na riƙe da lissafi da addu'a. Suna tafiya da kanwa, da baƙin Kano da sauran tufafi, da fatu da kayan dukanci, da busasshiyar albasa, da dabbobi, su dawo da huhunan goro.

Goro kuwa kaya ne mai shagwaɓa. Sai an naɗe shi da ɗanyen ganye, a riƙa kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ƙwaro ya taɓa kafin ya shafi saura. In ayari ya makara, ko mahara suka tare shi a dajin Bargu, ko jakuna suka kwanta, jarin shekara guda ya tafi ke nan.

Ƙungiyoyi uku suka riƙe wannan sana'a: Kambarin Barebari, da Tokarawa, da Agalawa. Agalawa kakanninsu sun gangaro ne daga ƙasashen Buzaye, suka zauna a karkarar Katsina da Kano, suka zama Hausawa, suka shahara da tattali da riƙon amana a tsakaninsu. Kakan Alhassan, Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya kawo iyalinsa Madobi. Ɗansa Abdullahi ya gaje shi. Tarihin gidan ya nuna cewa a 1877 Abdullahi ya ɗaura niyyar Gwanja, matarsa Amarya ta haihu a zangon Bebeji, aka sa wa yaron Alhassan. Da ya dawo daga tafiyar sai ya tare a Bebeji gaba ɗaya, garin da ke kudu maso yammacin Kano, a bakin hanyar fatake.

Maraya a gidan arziki

Wajen 1885 Abdullahi ya rasu, Alhassan bai wuce shekara takwas ba. Aka raba gado kamar yadda shari'a ta tanada. To amma dukiyar falke ba gona ba ce da za ta jira yaro ya girma. Jakuna ne da kaya da bashi a hannun mutane, da kuma sanayya a zanguna, abubuwan da ke watsewa in babu mai juya su. 'Ya'yan duk ƙanana ne, babu wanda ya isa ya ja ayari. Rabon Alhassan bai daɗe ba ya bi ruwa.

Amarya ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Ta tattara ta koma Accra, birnin da Hausawa ke kira Ankara, inda tuni akwai zangon Hausawa, ta bar yaran a hannun Tata.

Aka sa Alhassan makarantar allo. Ɗan madugu ya zama almajiri kamar kowane almajiri: ya yi bara, ya yi aikin ƙarfi, ya ci abin da ya samu. Abin da iyalinsa suka fi tunawa daga waɗannan shekaru shi ne asusu. Tata ce ta hore shi da cewa duk wurin da ya shigo hannunsa, kada ya cinye duka, ya jefa wani abu a asusu. A lokacin wuri ne kuɗi, kuma darajarsa ta yi ƙasa ƙwarai, har sai an tara 20,000 kafin a cika keso guda. Yaron da ke tara wuri ɗai-ɗai a irin wannan zamani ya san nisan da ke tsakanin kwabon farko da jari.

Yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Ya sayi 'yan kaya a Bebeji da abin da ya tara, ya sayar da wasu a hanya, ya ƙarasa da sauran Ankara. In ya yi zaton zai tarar da hutu a gidan uwa mai dukiya, bai same shi ba. Yadda ake ba da labarin, Amarya ba ta bar shi ya zauna ba, sai ta kai shi wurin wani malami ta ce ya zauna can har lokacin komawa gida. Ya sake komawa kan allo da aikin malam da neman abin sawa a baka, wannan karon a bakin teku, cikin mutanen da ba ya jin harshensu.

Wannan zaman ya ba shi abin da yawancin 'ya'yan fataken Kano ba su samu ba. Ya ga jiragen ruwa masu hayaƙi suna tsayawa a gaɓa, ya ga kantunan Turawa, ya ga yadda goro ke gangarowa kudu zuwa teku maimakon ya nufi arewa.

Basasa

Ya dawo gida a mummunan lokaci. A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, ɗan marigayin. 'Ya'yan tsohon Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, ƙarƙashin Yusufu, suka ƙi mubaya'a, suka fice zuwa Takai. Yaƙin Basasa ya kunnu. Yusufu ya rasu ana tsakiyar yaƙi, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi tuta, ya ci Kano a 1894, Tukur ya rasa ransa a 1895.

Ɗan kasuwa ba shi da mafaka a irin wannan rikici. Agalawa da yawa sun kasance tare da Tukur, sarkin da ke kan gado, don haka da ɓangarensa ya faɗi, garuruwansu suka sha wuta. An kwashe dukiya, an kama mutane. Alhassan da wasu 'yan'uwansa suna cikin waɗanda aka kama a matsayin ganimar yaƙi. Saurayin da baiwa ta rena ya ɗanɗani bauta da kansa. Ba su daɗe ba suka fanshi kansu suka koma Bebeji, amma duk abin da ya fara tarawa sai ya sake daga tushe.

Shekara tara bayan haka wata rundunar ta sake biyowa ta garin. A farkon 1903 sojojin Turawan Ingila da suka taso daga Zariya suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, kwana kaɗan kafin su ci Kano ranar 3 ga Fabrairu.

Hanya ta mutu, wata ta buɗe

Ba gida kaɗai ya rikice ba. Sana'ar da ya gada ita ma tana tangal-tangal. Tun 1874, da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan Gwanja ya karye, goro ya rage zuwa Salaga. A 1892 yaƙin cikin gida ya tarwatsa Salaga kanta, 'yan kasuwarta suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi da Ankara. Daga nan Turawa suka yanka tsohuwar hanyar gida uku: Ingila ta riƙe Gwanja, Jamus ta riƙe Togo, Faransa ta riƙe Dahomey, kowace da jami'an kan iyakarta. A Arewacin Nijeriya ma gwamnatin Turawa ta Lugga ta ɗora wa ayari kuɗin hanya, ba a soke shi ba sai 1907.

Madugai da yawa sun ci gaba da bin turbar da suka sani har ƙarfinsu ya ƙare. Alhassan ya tuna abin da ya gani a bakin teku. Jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Badun a 1901, wani kuma ya haɗa Sekondi da Kumasi a 1903. Sai ya juya tafiyarsa: ya gangara kudu ta Badun zuwa Ikko, ya hau jirgin ruwa zuwa Ankara ko Sekondi, ya sayi goro, ya loda shi a jirgi ya dawo Ikko, daga nan a hau da shi arewa. Yana cikin na farko-farkon fataken Kano da suka yi wannan kasada.

Kasada ce ta gaske, domin mutumin tudu bai saba da teku ba, kuma dole ya yi hulɗa da akawun kamfanin jirgi, da takardar kaya, da kwastan, da kuɗin Turawa. Amma ribar a bayyane take. Tafiyar da ake yi sau ɗaya a shekara ta koma sau da yawa. Goro na isowa da ɗanyensa, asarar hanya ta ragu, jari na juyawa da sauri. Daga 1906 ya ƙara da duwatsun ado da tsakiya da yadin Turawa, don kada ya riƙa hawa ko sauka hannu rabbana. Wajen 1908 Amarya ta rasu a Ankara, daga nan ya fi mayar da hankali tsakanin Ikko da Kano.

Jirgi ya iso, gyaɗa ta tashi

A 1911 layin dogo ya iso Kano, a 1912 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa. Turawa sun shimfiɗa shi ne da fatan auduga, don masaƙun Lancashire. Ƙungiyarsu ta masu noman auduga ta yi ta raba iri tana kafa injin gurza. Manomin Kano ya duba lissafinsa ya ga ba haka ba. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da Bature. Gyaɗa kuwa ta dace da jigawa, ya san nomanta tun kaka da kakanni, harawarta abincin dabba ce, in kasuwa ta ƙi ma a ci ta, mata su matse mai su yi ƙuli-ƙuli. Ga kuma haraji da a lokacin ake karɓa da tsabar kuɗi. A Turai kuwa masana'antun sabulu da na man shafa wa burodi suna neman man gyaɗa ido rufe.

Abin da Nijeriya ta fitar na gyaɗa ya tashi daga ƙasa da tan 3,000 a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913. Tashar Kano ta cika da buhuna har jirgi ya kasa kwashewa.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli da jirgin ruwa, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Dole suka nemi tsofaffin fataken goro, ta hannun Sarkin Kano Abbas da kuma Adamu Jakada. Manyan attajirai irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo su suka fara shiga. Alhassan ba ya cikin sahun farko. A shekarun nan ne ma yake ƙoƙarin kafa kansa a cikin birni, inda ya gina gida a Sarari, kusa da Koki, a lokacin da wajen yake fili.

Waɗanda suka riga shi ba su sha da daɗi ba. Damina ta ƙi a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta auka wa ƙasar har cikin 1914, mutane suka mutu da yawa, manoma suka koma neman gero da dawa. Kafin a farfaɗo Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka kori kamfanonin Jamus, kasuwar Hamburg ta rufe, jiragen ruwa suka yi ƙaranci. Alhassan ya ci gaba da goronsa da yadinsa yana kallo.

Sai a 1918 kamfanin Niger Company ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Ya shiga a makare, amma ya shiga da abin da ya fi jari: mutane. Shekara 20 na fatauci sun bar masa yara da abokan ciniki da masu masauki a garuruwa da yawa. Tsarin da ya yi amfani da shi tsohon tsarin madugai ne. Kamfani ya ba shi kuɗi, shi ya rarraba wa yaransa, su kuma su bazu kasuwannin ƙauye tun kafin kaka, su ba manomi abin biyan haraji ko na biki, ko gishiri da yadi, da alkawarin gyaɗa in an cire. Kaka na yi, jakuna da raƙuma su kwaso buhuna zuwa sikeli. Babu takarda a yawancin wannan ciniki. Amana ce ke riƙe da shi, kuma duk yaron da ya ci amana, asarar a wuyan maigida take, domin kamfani shi ya sani. Zuwa 1922 ana lissafa Alhassan a matsayin wanda ya fi kowane ɗan kasuwa dukiya a Kano.

Kasuwar da ba a Kano ake yanke farashinta ba

Arzikin gyaɗa yana da ƙaya. Farashinta a Liverpool da Marseille ake yanke shi, labari ya iso Kano ta waya. Bayan yaƙi farashi ya yi tashin gwauron zabo, sannan ya rikito a 1920 zuwa 1921. Wanda ya raba kuɗi a ƙauye da tsada, ya wayi gari buhunansa ba su kai abin da ya biya ba. Girgizar ta taɓa har manyan kamfanoni: a 1920 ne Lever Brothers ya saye Niger Company, ana gab da faɗuwar. Dillalai da yawa a Kano ba su sake tashi ba.

Abin da ya tsare Alhassan shi ne bai taɓa sakin tsofaffin sana'o'insa ba. Yana gyaɗa yana goro, yana tura shanu kudu, yana sayar da yadi da hatsi da duwatsun ado, yana sayen filaye da gidaje. In ɗaya ta yi ciwo, ɗaya ta yi jinyarta. Kuma horon Tata bai bar shi ba. Mutanen da suka zauna da shi sun shaide shi da sauƙin ci da sauƙin sutura, da bin lissafi da kansa. A farkon shekarun 1920 ya sauke farali, ya tafi ta jirgin ruwa ya bi ta Ingila, a zamanin da yawancin alhazan ƙasar Hausa ke shekaru a hanyar Sudan da ƙafa.

Shekarar 1929 ta zo da abu uku. Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank a yau, ya karɓi ajiyarsa ta kuɗin azurfa a kan raƙuma 20, kuma ya zaɓi irin ajiyar da ba ta da kuɗin ruwa saboda addini. A shekarar ne kuma Niger Company ya haɗe da babban abokin hamayyarsa, African and Eastern Trade Corporation, aka haifi kamfanin UAC. A ƙarshenta kasuwannin duniya suka durƙushe.

Haɗewar kamfanonin ta rage wa dillalan gida wurin gudu. Da, in wannan Bature ya matse la'ada sai a koma wa wancan. Yanzu mai saye ɗaya ya rinjayi kasuwa, sauran kamfanonin ma sukan haɗa baki kan farashi da rabon kaso. Ta ɗaya gefen ga 'yan Siriya da Labanan, waɗanda Kanawa ke kira Kwara, sun shigo da motocin lori suna kutsawa ƙauye, ga Saul Raccah, ɗan kasuwar da ya zo daga Tarabulus, yana fitar da gyaɗa da kansa yana karawa da UAC. A farkon shekarun 1930 farashi ya faɗi warwas, manomi ya noma da yawa ya samu kaɗan, bashi ya maƙale a ƙauye.

Alhassan ya tsallake wannan ma, ya zama babban mai saya wa UAC gyaɗa a Arewa. Amma akwai rufin da kansa ke bugawa. Duk yawan buhunan da ya tara, a bakin sikelin kamfani ikonsa ke ƙarewa. Ribar jirgin ruwa, da ta inshora, da ta sayarwa a Turai, ta wasu ce. Bankunan lokacin ba su cika ba baƙar fata rance mai kauri ba, jiragen ruwa kuma sun fi sauraron manyan kamfanoni. A 1940 ya nemi izinin saye da fitar da gyaɗa da kansa, daidai da UAC. Aka hana shi, aka kafa hujja da halin yaƙi. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe sayen amfanin gona, ta raba kaso bisa yawan abin da kowane kamfani ya saba fitarwa kafin yaƙi. Wanda bai taɓa fitarwa da sunansa ba, ba shi da kaso, ko da shi ne ya tara gyaɗar tun daga ƙauye.

Dala

Dalar gyaɗa da ake alfahari da ita, matsala ce ta haife ta. Gyaɗa na shigowa Kano cikin 'yan watannin kaka, jirgin ƙasa kuwa layi ɗaya ne zuwa Ikko, tafiyar fiye da kilomita 1,000, taragai ba su isa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya tsananta, injuna sun tsufa, amfanin wata shekara kan tarar da na bara bai tafi ba. Ba rumbun da zai ɗauki wannan kaya. Sai aka koma jera buhuna a fili, faffaɗan gindi, ana hawa ana tsukewa har ƙololuwa, a lulluɓe da tamfol saboda ruwa. Dala guda kan ci buhu 15,000. Leburori ne ke hawa da buhu a ka, mataki-mataki, a kan buhunan da 'yan'uwansu suka jera. Sunan Alhassan ya haɗu da wannan dabara har ana danganta masa farkonta, kuma filayen da ke kusa da tashar jirgi da wajen Ƙofar Mazugal suka zama abin da baƙo ke fara ɗauka hoto a Kano.

A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa ta Nijeriya, wadda ke yanke farashi kafin kaka ta kuma ba da lasisi ga masu saya mata. Iskar siyasa ta fara juyawa, 'yan ƙasa suna neman a dama da su. A 1950 Alhassan na cikin attajiran da suka haɗa jari suka kafa Kano Citizens Trading Company, kamfanin da ya buɗe masaƙa a Kano, don kada a tsaya kan sayar da ɗanyen kaya kawai. A kakar 1953 zuwa 1954 ya samu lasisin zama wakilin hukuma mai saye kai tsaye. Shekara 13 ke nan bayan an hana shi, shekara 35 bayan ya fara auna gyaɗa don Niger Company. Yana da shekara 76.

Kaka biyu kacal ya yi da lasisin. A 1955 ciwo ya kwantar da shi. Mutumin da ya ga yadda dukiyar mahaifinsa ta watse cikin 'yan shekaru saboda an raba ta tsakanin ƙananan yara, ya tara 'ya'yansa da manyan ma'aikatansa ya yi musu wasiyya: su zauna tare, kada su bar kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya rushe, su riƙe zumunci da mutanen da suka yi masa hidima. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

Gyaɗar da ta ɗaga shi ba ta daɗe bayansa ba. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka janye hankalin gwamnati, suka kwashe dala ɗaya bayan ɗaya, a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba ɗaya. Gidan kuwa ya yi abin da maigidan ya yi lokacin da Salaga ta mutu, ya sauya hanya. Cikin 'ya'yansa, Ahmadu ya fara jan ragamar kamfanin. Sanusi ya faɗaɗa harkar gyaɗa da sufuri. Aminu, wanda ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina, ya shiga gine-gine da masana'antu da mai. Mariya 'yar Sanusi ita ta haifi Aliko Dangote, wanda ya fara kasuwanci a 1977 da rancen da ya karɓa a gidan kakanninsa na wajen uwa, shekara 100 cif bayan haihuwar da aka yi a zangon Bebeji.

Filayen da dala ta tsaya a kansu yanzu gine-gine ne da shaguna da wuraren ajiye motoci. Sunan tsohuwar da ta ba maraya asusu kuwa yana nan a jikin manyan motoci da allunan kamfanoni da makarantu da masallatai, daga Kano har Abuja da Ikko.